Tafintan da Bai Iya Gaisuwa Ba

Hajiya ta kanga tafin hannunta a kan gilashin ordinatar, wato kwamfuta, don ta tare rana, ta sunkuyo har mayafinta ya rufe wa Nusaiba rabin fuska.

"Wai wa ke miki hwaɗa haka da sanyin sahiya?"

"Ba faɗa ba ne, Hajiya, gargaɗi ne."

"Ni ban yi karatun lakkol ba, amma na san hwaɗa in na gan shi. Dubi yadda rubutu ke zubowa kamar an kwance bakin buhu."

A gindin mangwaro suke, bakin tafkin Madarumfa, ordinatar na kan wata kifaffiyar roba ta wanki. Hajiya ita ce shugabar ƙungiyar mata masu lambu, kuma tun da aka zaɓe ta ba a taɓa jin ta ce ba ta san abu ba. Yau ce ranar gwaji. In rana ta ɗaga, matan za su taru su ga famfon hasken rana yana aiki da ɗan akwatin da Nusaiba ta haɗa masa, sannan su ɗaga hannu: ko a riƙe shi tare da mai shi, ko a koma wa tsohon injin Ilyasu mai shan esansi, wato fetur. In an koma wa Ilyasu, Nusaiba ta san makomarta. Kawunta na garin Ɗan Issa ya riga ya share mata kujera a shagonsa, inda za ta wuni tana liƙa wa wayoyin direbobi gilashi. Ta tsani shagon nan kamar ciwon haƙori.

Ta ja numfashi ta fara bayani. Ɗan allon lantarkin da ke cikin akwatin, in ji ta, ba ya jin irin rubutun da take yi. Sai ta ba wani tafinta da ke cikin ordinatar, wanda a jami'a suke kira kompilatar, shi ya juya rubutun zuwa yaren allon. Kuma kafin ya fara, akan kafa masa sharuɗɗa da 'yan alamomi. Ta nuna wa Hajiya layin da ke ƙasa.

"Wannan, -Wall, na ce masa duk abin da ya gani bai kwanta masa ba, ya faɗa mini. Wannan kuma, -g, na ce ya bar sawu a cikin aikin, don in wani abu ya ɓaci in bi in ga daga ina."

"To mi ya gani yanzu?"

"Ya ce akwai abin da na tanada, na yi ta cika shi, amma ban yi amfani da shi ba."

Hajiya ta miƙe zaune. "Almubazzaranci yake zarginmu da shi? Mu da ko bawon albasa ba mu zubarwa?"

"Ba ƙungiya yake nufi ba, Hajiya."

"Namiji ne?"

Ba a taɓa yi wa Nusaiba wannan tambaya a jarrabawa ba.

"Namiji ne," in ji Hajiya, ta yanke hukunci. "Mace ba ta shiga gidan mutane ta hwara da ƙirga musu laihi. To ji nan, ɗiyar Hussaina. An jima Ilyasu zai zo shi zauna nan shina leƙe, kuma shi ya iya karatu. Ba za a tona mana asiri gaban baƙo ba. Akwai yadda ake ruhe masa baki?"

Akwai. Ƙaramin harafi ne guda, -w, kuma Nusaiba ta yi wautar faɗa. Malaminsu a Maraɗi ya sha ce musu duk wanda ya sa harafin nan ya rufe idonsa ne yana tuƙi, amma malamin bai taɓa zama kusa da Hajiya ba. Ta goge -Wall ta sa -w. Sawun ma Hajiya ta ce a share, don mai gaskiya ba ya shirya wa kuskure hanya tun kafin ya zo.

"Saura wancan mai kama da ƙwai biyu."

"Wannan -O0 ne. Matakin gyaran aiki ne don ya yi sauri. Akwai sifili, ɗaya, biyu, uku."

"Ke a nawa kike?"

"Sifili."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Sihili! Uwarki ta sai da tumakinta kin tai jami'a, ki dawo mana da sihili? Sa uku."

"Hajiya, a sifili na gwada shi kullum, a nan na san halinsa."

"Yau ranar baƙi ce. Sa uku."

Daidai lokacin matan farko suka ɓullo ta tsakanin fangalin tattasai, da bokitai a kai, kuma daga nesa ana jin babur ɗin Ilyasu. Nusaiba ta haƙura. Ta sa -O3, ta danna. Tafinta ya gama aikinsa bai ce uffan ba, gilashi fes. Hajiya ta ce ai ga shi ya koyi ladabi, Nusaiba kuwa ta jona waya ta zuba sabon aikin a cikin akwatin.

To, abin da aka tanada ba a yi amfani da shi ba yana da labari. Maɓallin famfo yana nan bakin tafki. Babban robine kuwa, wanda ke buɗe wa ruwa hanya, yana can saman lambu a gindin tanki. In famfo ya tashi robine na rufe, mahaɗin tiyo zai fashe. In an buɗe robine famfo bai tashi ba, ruwan da ya kwana a tanki zai gangaro ya koma tafki. Mutum biyu da sun gama wannan da ɗaga hannu ɗaya. Amma tun zamanin da ake ban ruwa da jigo, Baba Garba ne ke fara taɓa ruwan lambun nan, shi ke buɗewa, shi ke rufewa, kuma babu macen da za ta iya kallon idon tsohon ta ce ya raba aikin da wani. Saboda haka shi zai danna maɓalli da bisimilla, shi zai taka har tanki ya murɗa robine, famfo kuwa dole ya jira shi.

Tafiyar ba ta da nisa. Gaisuwar ce doguwa. Baba Garba ba ya wuce fangali sai ya tsaya ya tambayi mai shi kwana da gajiya da gida da yara da mai gida da jikin surukar da ta yi zazzaɓi bara. Nusaiba ta bi shi safiya da yawa tana auna shi a ɓoye, sannan ta rubuta wa allon cewa in an danna maɓalli ya zauna ya yi ta ƙirga, ƙirga kawai, har zuwa wata lamba mai tsawon gaske, kafin ya tada famfo. Wannan ƙirgar ce tafinta ke gunaguni a kanta kullum. A sifili gunaguni kawai yake yi, ya bar ta yadda take. Abin da yake yi mata a uku, Nusaiba ta sani sarai, ta ma taɓa cin maki a kansa. Amma da mayafin Hajiya a fuskarta da ƙarar babur a kunnenta, ilimin ya tafi yawo.

Mata suka cika gindin mangwaro. Ilyasu ya kafe babur ɗinsa kusa da tiyo, ya zauna a kai ya harɗe hannu, yana murmushin mutumin da aka gayyata jana'izar abokin gaba. Baba Garba ya iso da sandarsa da hularsa da ta sha wanki, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya danna maɓalli. Ya juya ga mace ta farko.

"Hajara, ina kwa..."

Famfo ya tashi.

Tiyo ya kumbura, ya yi wani irin nishi, mahaɗin ya yi tsalle sama. Ruwan tafki ya miƙe tsaye ya fi mangwaro tsawo, sannan ya yi shawara ya sauko a kan Ilyasu. Daga shi ya wuce fangalin ganyen salatin Hajara, ya kwantar da shi. Mata suka watse da salati a baki. Nusaiba ta yi tsalle ta fizge wayar pano mai kamo hasken rana, famfo ya yi shiru, ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga ganye da dariyar Ilyasu, wanda ke matse hularsa yana cewa shi dai injinsa hayaƙi kawai yake yi wa mutane.

Kunya ta rufe Nusaiba. Ta hango uwarta Hussaina a bayan taro ta sunkuyar da kai, wannan ya fi ruwan ciwo.

Hajiya ba ta ɓata lokaci ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora ordinatar a tsakiya, mata suka kewaye ta. Ta ce a yi bayani.

"Da muka ce ya yi sauri," in ji Nusaiba, "sai ya bi aikin layi-layi yana cire duk abin da ya ga ba ya haifar da komai. Ya zo wurin jira, ya ga ƙirga ce kawai, ba mai amfani da ita, sai ya cire. Ya sha gaya mini. Yau ne muka hana shi magana."

"Jiran mi?" Baba Garba ne ya tambaya.

Da Nusaiba na da wayo, da ta ce jiran tafiya. Amma gaskiya ta riga ta zo bakinta.

"Jiran gaisuwarka, Baba."

Tsohon ya dubi ordinatar, ya dubi jama'a, ya sake duban ordinatar.

"Wato wanga abu ya duba gaisuwata, ya ce ba ta haihwar da komi."

"Ba haka yake nufi..."

"Ya cire ta."

"Baba, bai san kai ba ne."

"Bai san ni ba, kuma ya yanke mini hukunci. Ni da na gaida kakanki ranar da anka haihi ubanki." Ya nuna ordinatar da sanda. "Ɗan wa ne shi a garin ga?"

Wata tsohuwa ta ce ita tun farko ba ta yarda da abin da ba ya cin abinci ba. Hajara, da ke tsaye a kan gawar salatinta, ta ce a bari yarinya ta gyara, in ya sake a san abin yi. Ilyasu ya ce shi ma ya yarda, don ba ya son a ce ya ci nasara a kan fasasshen tiyo. Ya ma ciro tsohuwar robar taya daga ƙarƙashin kujerar babur, ya durƙusa ya ɗaure mahaɗin da kansa, yana yi yana yaba ɗaurin.

Nusaiba ta roƙi a mayar da shi sifili. Hajiya ta ce ba a gabanta ba. Ta roƙi a buɗe masa baki. Hajiya ta ce wanda ya yi wannan ɓarna da baki rufe, ina ga an buɗe. Sai Nusaiba ta tuna da wata kalma guda da ake sa wa abu a cikin rubutun, wadda ke ce wa tafinta: wannan kada ka taɓa shi, ko ka ga yana da amfani ko ba ka gani ba, bar shi yadda ka same shi.

"Wato a naɗa wa ƙirgar rawani," in ji Hajiya. "To naɗa mata."

Ta rubuta kalmar, ta danna, ta zuba. Aka kira Baba Garba. Ya zo fuska a murtuke, ya yi bisimillarsa ciki-ciki, ya danna maɓalli. Famfo bai motsa ba, yana jira kamar yadda aka umarce shi. Nusaiba ta saki ajiyar zuciya. Sai ta ga abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin lambun.

Baba Garba ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya miƙe. Ya wuce Hajara bai dube ta ba. Ya wuce Hussaina. Mata na ta jefa masa "Baba, ina kwana" a baya, gaisuwar na faɗuwa ƙasa babu mai ɗauka. Ashe tsohon nan yana da sauri, gwiwar da ake ta tausaya masa a kanta lafiyarta ƙalau. Kafin a ankara ya kai tanki ya murɗe robine har ƙarshe, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Ruwan tanki ya fara gangarowa. Kowa na jin sa a cikin tiyo, ƙululu, ƙululu, yana komawa tafki inda ya fito jiya. Akwatin kuwa yana can yana ƙirga kwanan Hajara da gajiyar Hussaina da zazzaɓin surukar bara, cikin natsuwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Mutane suka tsaya cirko-cirko a rana, su ba gaisuwa ba, su ba ruwa ba. Sai da tanki ya kusa ƙafewa famfo ya tashi, ruwa ya hau, ya shiga kwalbatoci ya bi fangali yadda ya kamata. Ɗaurin Ilyasu bai ko yi gumi ba.

Abu ya yi aiki, amma ba wanda ya yi guɗa. Da aka koma tabarma, Hajiya ta ce masu son a riƙe su ɗaga hannu, sai hannun Hussaina kaɗai ya tashi, shi ma rabi.

"Ni ba salatina ke ci mini rai ba," in ji Hajara, idonta ya kawo ruwa. "Tun ina amarya Baba bai taɓa wuce ni ba. Yau ya wuce ni kamar kututture. In haka za mu riƙa kwana, gara hayaƙin Ilyasu."

Matan suka ce haka ne. Duk suka juya ga tsohon, wanda ba shi da ƙuri'a a ƙungiyar mata amma ya zauna a kan turmi kamar alƙali.

"Ni ba ni da magana da yarinya," in ji shi. "Wanda ya yi laihi shi zo shi gaishe ni. Da bakinshi."

Ilyasu ya fashe da dariya. Nusaiba ba ta yi ba. Ta ga shagon Ɗan Issa ƙuru-ƙuru, da ƙurar manyan motoci da kawunta yana miƙo mata waya mai fasasshen gilashi. Ta dubi ordinatar. Tafinta baki ɗaya gare shi a duniya, shi ne na gargaɗi, kuma akwai layin da mutum zai rubuta ya sa shi ya furta duk abin da aka ba shi a matsayin gargaɗi.

"Zai gaishe ka, Baba. Amma sai Hajiya ta yarda an buɗe masa baki. In an buɗe kuwa, ba gaisuwa kaɗai za ta fito ba, duk abin da ya gani zai faɗa."

Hajiya ta dubi Ilyasu, ta dubi matan. "Buɗe masa. In ya zage mu, mun ji."

Nusaiba ta goge -w, ta mayar da -Wall, ta mayar da -g ba tare da ta nemi izini ba, ta rubuta layinta. Baba Garba ya ce bai yarda ita ta karanta ba, bakinsu ɗaya. Aka sa Ilyasu. Ya tsuguna da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya bi rubutun da yatsa. Ya ce akwai ƙorafi biyu a sama da ba su shafi kowa ba sai mai rubutun, wani abu wai an kwatanta shi da abin da ba jinsinsa ba. Sannan ya tsaya, ya gyara murya.

"Ya ce: gargaɗi, ina kwana, Baba Garba."

Tsohon ya sauke sandarsa ya jingine ta da turmi.

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

Ya kafa wa ordinatar ido yana jira. Nusaiba ta gane ba a gama ba, an fara ne. Ta goge layin, ta rubuta wani, ta danna, tafinta ya sake juya aikin gaba ɗaya tun daga farko.

"Gargaɗi," in ji Ilyasu, "ba gajiya."

"Ina aiki?"

"Gargaɗi, aiki da godiya."

"Ina zahin rana?"

"Gargaɗi, lokacinsa ne."

Haka aka yi ta yi, rana na hawa, gumi na ɗiga daga haɓar Nusaiba a kan maɓallan. Ba ta ɗaga kai ba, don haka ba ta ga lokacin da Hajara ta ɗaga hannu ba, ba ta ga na kusa da ita ba, ba ta ga sauran da suka ɗaga suka ɗauki bokitansu suka nufi fangali ba. Muryar Hajiya kawai ta ji a samanta tana cewa an riƙe, kuma daga gobe ɗiyar Hussaina ta riƙa zuwa da wuri, don a gama gaisawa kafin a taɓa ruwa. Daɗi ya kama Nusaiba har ta ji kuka na neman zuwa, amma babu damar yi, Baba Garba ya riga ya gyara zama.

"Iyayenshi na da rai?"

Yatsunta suka tsaya. Ta tuna mutanen da suka gina tafintan nan, dubbai, a ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, waɗanda ba su san akwai tafki a Madarumfa ba balle robine. Ta rubuta, ta danna.

Ilyasu ya karanta, wannan karon bai yi dariya ba. "Ya ce suna nan, suna gaishe ka."

Baba Garba ya gyaɗa kai a hankali.

"Ina amsawa," in ji shi. Ya ɗauki sandarsa, ya nufi fangalin Hajara.